Surukina da 'Yan Kokawar Japan

Shekarar da korona ta rufe duniya, surukina ya zo Doha a yi masa aikin gwiwa. Niyyarsa ya yi 'yan makonni, ya murmure, ya koma gida kafin damina ta faɗi. Aikin an yi, kuma an dace. Amma kafin a cire masa zare sai aka dakatar da jirage a nan, can gida ma aka rufe filayen jirgi. Tsoho ya maƙale a hannunmu, a ɗan gidanmu mai ɗaki biyu da falo da ke saman bene a unguwar Muntaza.

Mijina likita ne. Da cutar ta yi ƙamari aka mayar da shi ɓangaren masu fama da ita, aka ba su masauki kusa da asibiti. Shi da bakinsa ya ce ba zai riƙa kwaso abin da bai sani ba yana kawo wa mahaifinsa ba. Sai ya zama yakan zo ne ya tsaya a ƙasan bene, mu leƙo ta taga, ya ɗaga mana hannu, ya ajiye ledar cefane a bakin ƙofa ya juya. Gida ya rage daga ni sai Baba.

Duk wadda ta tashi a ƙasar Hausa ta san abin da wannan yake nufi. A ƙauyensu, can kusa da iyakar Nijar, tsakanin suruki da matar ɗansa akwai zaure, akwai katanga, akwai tsakar gida mai faɗi. Ki durƙusa ki gaishe shi da safe, ki aika masa da abinci, shi ke nan kin fita haƙƙi. A Muntaza kuwa ba inda za a ɓuya. Falon da yake miƙe ƙafarsa a kai shi ne ajin da nake koyar da ɗalibaina na jami'a ta kwamfuta, daga kan teburin cin abinci. In zan shiga kicin sai na gifta ta gabansa. Shi ma abin ya dame shi. Bai taɓa kiran sunana ba, Malama yake ce mini, kuma ko Malamar ma sai ta kama.

Mutum ne dogo mai faɗin kafaɗa, wuyansa kamar na bijimi duk da tsufa. Rayuwarsa duka a kasuwar hatsi ya yi ta, cikin hayaniya da ciniki da gaisuwa. Yanzu ga shi zaune bakin taga da carbi, yana kallon titin da babu kowa sai masu babur ɗin kai abinci. Ranar da ya ji ladanin unguwarmu ya ce a yi salla a gida, abincin rana da na ajiye masa haka na ɗauke shi.

Wata safiya ina duba aikin ɗalibai, shi kuma yana danna rimot yana wuce tashoshi ba tare da ya tsaya a ko ɗaya ba, sai na ji dannawar ta tsaya. Can na ji ya gyara zama. Na saci kallo: wasu ƙattin mutane biyu ne, kowanne da ɗamara a ƙugu da gashi ɗaure a tsakar ka, suna watsa gishiri a cikin wani zagayayyen fage na ƙasa. Da sauri na mayar da kaina kan takardu, don mutanen ba su da maraba da tsirara.

"Malama," in ji shi, "waɗannan mutanen ina ne?"

Na ce mutanen Japan ne, kokawarsu ce ta gargajiya, sumo ake ce mata. Ya zuba ido har aka yi karo biyu ko uku. Sannan ya ce mai baƙar ɗamara zai faɗi, ya ɗaga ƙugunsa da yawa. Kafin ya rufe baki na ji ƙarar faɗuwa.

Mijina ya taɓa gaya mini cewa Baba shahararren ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, amma tun da ya sauke farali ya daina son a tayar da zancen, kuma 'ya'yansa ba wanda yake kawo shi. Ni ma ban kawo ba. Shi ne ya buɗe ƙofar da tambaya. Gasar da muka fara gani an yi ta ne ba 'yan kallo saboda cutar, kujeru fayau, har numfashin 'yan kokawar ana ji. Wannan shi ya ɗaure masa kai. Ya ce shi a saninsa ɗan kokawa daga hannun jama'a yake ci. Makaɗi ya zuga ka, ka yi kirari, ka ka da abokin karonka, sai masu hali su taso, wannan ya liƙa maka kuɗi a goshi, wancan ya yafa maka riga, mai gari ya ce a jawo rago. To waɗannan da ba kiɗa, ba mutane, wa zai ba su? Ko don Allah suke yi?

Ban sani ba, sai na ce zan bincika. A daren nan bayan isha na zauna na karanta, kuma tun daga ranar na samu sabon aiki a gidan: ni ce tafinta. Muka samu tsarin da ya kare mutuncin kowa. Shi yana fuskantar talabijin, ni ina teburina na ba ta baya, ina sauraren mai sharhi da Turanci ina juya masa. Da ya lura da haka sai ya yi murmushi ya ce 'yan kokawar gida ma da warki suke yi, kuma mata daga nesa suke tsayawa.

Lokacin ya yi mana daidai, don yammacin Japan hantsin Doha ne. Nakan dafa masa shayin karak, wanda ya raina da farko ya ce madara ta yi yawa, daga baya kuma ya zama in bai sha ba sai ya tambaya. Ina ajiye masa kofin, sai in koma mazaunina, mu fara.

Abin da na fara bayyana masa shi ne cewa mutanen nan albashi ake ba su duk wata, kamar ma'aikatan gwamnati. Ya ce ko mutum ya faɗi? Na ce ko ya faɗi, amma da sharaɗi. Matakai ne da su hawa-hawa, kuma biyu na sama ne kaɗai ake ba albashi. Na ƙasa, waɗanda su ne suka fi yawa, ba su da komai sai abinci da wurin kwana da ɗan abin sayen sabulu. Su ne masu shara da girki da wanki, su ne masu riƙe wa manya tawul. Manya suna karo sau goma sha biyar a kowace gasa. Wanda cinsa ya fi faɗuwarsa yawa sai a ɗaga shi, wanda faɗuwarsa ta rinjaya a sauke shi. Ba ruwansu da wane ne ubanka ko abin da ka yi bara. Baba ya jinjina kai ya ce wannan ai mudu ne da ba a danna shi da hannu.

Sai maganar tutoci. Kafin wasu karawar akan ga mutane suna zagaya fagen ɗauke da dogayen tutoci masu rubutu. Na gaya masa kowace tuta wani kamfani ne ya sa kyauta a kan wannan karon, kamar masu sayar da shayi ko taliya ko magani. Wanda ya ci, alƙali zai miƙa masa ambulan a kan mafici, kuɗi a ciki. In manya ne suka haɗu, ambulan ɗin kan taru har hannu ɗaya ba ya riƙewa. Wannan ya yi wa Baba daɗi, ya ce to ga liƙi nan, sai dai nasu a rufe yake, ba wanda zai ga abin da aka ba ka balle ya biyo ka gida.

Abin da bai yi masa ba da farko shi ne sanyinsu. Mutum ya ɗaga ƙato irin wannan ya yar, amma ba tsalle, ba kirari, ko haƙori ba ya buɗewa. Sai ya koma gefensa ya rusuna wa wanda ya kayar, ya tsuguna, ya kaɗa hannu hagu da dama da tsakiya, sannan ya karɓi ambulan ya fita kamar wanda aka aika. Baba ya ce wannan ai miya ce ba gishiri. Ya tambayi ma'anar kaɗa hannun. Na ce an ce godiya ce ga abin da suke bautawa. Sai ya ce ko ba komai sun san ba ƙarfinsu ne ya ba su ba. Bayan nan ban ƙara jin ya kushe su ba.

Babbansu kuwa, wanda yake fitowa da farar igiya mai kauri a ƙugu, Baba ya sa masa Mai Igiya. Na gaya masa shi ba a sauke shi daga matakinsa, in ƙarfi ya ƙare sai dai ya ajiye da kansa. Na kuma gaya masa cewa in wani daga talakawan matakin sama ya yi sa'a ya ka da Mai Igiya, ana rubuta masa tauraron zinariya, kuma daga ranar za a riƙa ƙara masa wani abu a kowace gasa muddin yana cikin masu albashi. Wannan ya sa Baba dariya har da tari. Ya ce shi ya taɓa ka da wani gwarzo da ake tsoro tun daga ƙasarsu har cikin Nijar, abin da ya samu rago ne da buhun gero da rawani, kuma ragon bai ga sati ba, 'yan rakiya suka cinye shi. Wannan ne karo na farko da ya ambaci kokawarsa a gabana. Na yi kamar ban lura ba, na ci gaba da jan jan biro a takardar wani ɗalibi, amma zuciyata fari ƙal.

Azumi ya zo, aka soke gasar da ta biyo baya saboda cutar. Sai na riƙa nemo masa tsofaffin gasa a intanet, muna kallo bayan la'asar kafin in shiga kicin. A nan ya ga yadda fagen yake in da mutane, ya ga 'yan kallo suna jefa matasan da suke zama a kai sama in an ka da Mai Igiya, ya ce ashe dai suna da jini a jika. Ya ga kuma kyaututtukan zakaran gasa: kofuna, buhunan shinkafa, naman sa, har da wani ƙaton kifi da yake ɗagawa ana ɗaukarsa hoto. Ya ce duk inda ka je a duniya, ɗan kokawa da abinci ake sallamarsa.

A cikin waɗannan tsofaffin hotuna ya tsinci mutuminsa. Wani ne gajere a cikinsu, ya fara manyanta, gwiwarsa ta dama kullum naɗe da farin bandeji. Ba shi da nauyin sauran, da dabara yake ci: ya shige ƙarƙashin mutum, ya kama ɗamara, ya murɗa. Baba ya ce wannan ɗan kokawa ne, sauran turo kawai suke yi. Sunansa ya gagare mu faɗa, sai muka riƙa ce masa Mai Gwiwa. Baba ya lura ko ya ci ba a ba shi ambulan. Na bincika na ce masa yana mataki na biyu ne, a can ba a zagaya da tuta, amma yana da albashinsa da ɗakinsa da masu yi masa hidima. Sai dai a bakin gaɓa yake. In ya ƙara yin gasa ɗaya mara kyau zai gangara inda ba albashi.

Da aka dawo da gasa a tsakiyar zafi, lokacin da Doha take kamar an buɗe murhu, mun shiga da zullumi. An bar 'yan kallo kaɗan, kowa da takunkumi, ba ihu sai tafi. Mai Gwiwa ya ci yau, ya faɗi gobe, haka aka yi ta yi. Baba yakan idar da walaha ya zauna tun kafin a fara. In mutuminsa ya ci, ranar har labari nake samu a kan abincin rana: yadda ake haɗa kokawa bayan an kai amfanin gona gida, yadda suke tafiya gari-gari a ƙasa da makaɗinsu, yadda tsofaffin mata suke dafa musu fura mai yaji. In ya faɗi kuwa sai ya ce gwiwar ce, ya shafa tasa.

Ranar ƙarshe ta zo cinsa da faɗuwarsa sun yi kunnen doki. Aka haɗa shi da wani matashi daga matakin ƙasa, wanda shi kuma in ya ci zai hau. Ranar ban iya ba talabijin baya ba. Na juyo da kujerata. Suka yi karo, Mai Gwiwa ya shige ciki ya samu kamun da yake so, har ya fara murɗawa. Sai ƙafar ta ƙi. Yaron ya tura shi a hankali har wajen igiyar fage, ya ma riƙe shi kada ya faɗa ƙasa. Mai Gwiwa ya koma gefensa, ya rusuna, ya fita yana ɗingishi.

Na kashe talabijin. Baba ya fara magana yana kallon baƙin gilashin, ba ni yake kallo ba. Ya ce shi ma haka tasa ta ƙare, a wani gari da ke tsallaken iyaka. Ya yi shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba, sai ga wani yaro ɗan makiyaya, siriri, wanda ba wanda ya san shi. Suna kamawa ya ji gwiwarsa ta yi ƙara, kafin ya ankara yana kallon sama. Makaɗin da suka taso tare, wanda ya ci riguna da raguna a bayansa, nan take ya juya gangarsa ya bi yaron. A kan jaki aka mayar da shi gida.

Na ce amma makaɗin nan bai kyauta ba.

"A'a, Malama, shi ma da iyali," in ji shi. "Ganga ba ta bin wanda yake kwance."

Ya ce abin da ya cece shi wani bijimi ne da ya ci a kakar da ta gabata, wanda mahaifiyarsa ta hana a yanka, ta ɗaure shi a bayan ɗakinta. Shi ya sayar ya sayi gero ya ajiye, da bazara ya fitar. Daga nan fataucin hatsi ya fara, da shi ya yi aure, da shi ya je Makka, da shi ya sa mijina a makaranta. Ya ce da a ce ana ba shi albashi irin na mutanen nan, da bai bari ba sai ƙafar ta tsinke gaba ɗaya. Ya yi wa Mai Gwiwa addu'ar Allah ya sa yana da uwa mai ɗaure bijimi.

Da aka buɗe hanya Baba ya koma gida, gero ya riga ya fitar da kai. Mijina ya dawo ɗakinsa, rayuwa ta fara komawa daidai. Amma duk lokacin gasa nakan aika wa Baba saƙon murya ta wayar ƙanin mijina, in gaya masa wa ya hau, wa ya sauka. Da Mai Gwiwa ya ajiye kokawa aka yi bikin yanke masa gashi kamar yadda suke yi wa wanda ya bari, na gaya wa Baba. Ya aiko da amsa cewa ya yi dabara.

Bayan shekara biyu Allah ya ba mu 'ya mace, a shekarar da aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Doha. Baba ya so ya zo ya ga jikarsa, a kuma sake duba gwiwar. Sai dai a watannin nan ba a shiga ƙasar sai da izinin da ake bai wa masu tikitin kallon ƙwallo. Dole mijina ya saya masa tikiti, mutumin da bai taɓa zama ya kalli ƙwallo ba, wanda yake cewa ƙatti sun rasa aikin yi sai bin fata. Da aka tambaye shi wasan wace ƙasa yake so, ya ce in akwai na mutanen Japan a ba shi.

Garin da ya bari shiru ya tarar da shi ya cika ya batse. An lulluɓe dogayen benayen unguwar West Bay da hotunan 'yan wasa, Muntaza kanta ba a samun wurin ajiye mota, ko'ina ka juya wani yare ne. Wasan da rana aka yi shi. Suka tafi shi da mijina a jirgin ƙasa, ni na zauna da jaririya. Bayan la'asar mijina ya kira ya ce in ƙara abinci, suna tafe da baƙo. Na ce mutum nawa? Ya ce mutum ɗaya ne, amma in ƙara sosai.

Da na buɗe ƙofa sai da na ja da baya. Wani Bajapane ne sanye da shuɗiyar rigar 'yan ƙwallonsu, ya cika ƙofar har sai da ya karkata kafin ya shigo. Ya tuɓe takalmi tun ba a ce masa ba, ya rusuna mini. Mijina ya ba ni labari a kicin. An ci Japan a ranar, suna fitowa cikin cunkoso sai Baba ya tsaya cak ya nuna mutumin, ya ce wancan ɗan kokawa ne, a dubi kunnuwansa da yadda yake jan ƙafa ba ya ɗaga ta. Mijina ya ce a bari, Baba ya ƙi. Ya je ya tsaya gaban mutumin, ya ɗan tsuguna gwargwadon abin da gwiwa ta bari, ya kaɗa hannu hagu da dama da tsakiya. Mutumin ya yi sororo, sannan ya fashe da dariya har da hawaye, ya manta da an ci su.

Tuwon shinkafa na yi da miyar kuka da naman rago. Na kawo cokali, baƙon ya dubi Baba ya ga da hannu yake ci, shi ma ya wanke hannu. Turancinsa kaɗan ne, sai muka haɗa da waya mai fassara, ni kuma ina mayar wa Baba da Hausa. Magana takan bi ta harshe uku kafin ta isa, wani lokaci ta iso a karkace mu yi dariya, amma ta isa.

Ya ce yana gama ƙaramar sakandare ya shiga gidan kokawa. Ya yi shekaru masu yawa a matakan ƙasa, yana tashi tun duhu, yana cuɗa bayan manya a wurin wanka, yana dafa musu abinci, ba ya ci sai sun ƙoshi. Sau ɗaya ya kai bakin ƙofar masu albashi, saura karo ɗaya, aka ka da shi. Daga nan wuyansa ya samu matsala, ya yi ta gangarawa har ya haƙura. Bai taɓa karɓar albashi ba, bai taɓa riƙe ambulan ɗin nan ba sai dai in ya ɗaukar wa wani babba. Amma girkin da ya koya a can shi ya zama sana'arsa. Yanzu yana da ɗan gidan abinci a garinsu, inda yake dafa irin romon da 'yan kokawa suke ci, yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma ribar tukunya ce ta kawo shi Doha kallon ƙwallo.

Baba ya ce in tambaye shi ko yana jin zafin karon nan ɗaya. Mutumin ya yi tunani, ya ce da can yakan yi mafarkinsa, yanzu kuwa sai in ana sanyi wuyan ya tuna masa. Shi ma ya tambayi abin da Baba ya samu a tasa kokawar. Baba ya lissafa masa raguna da riguna da buhunan gero da bijimi, da wata rediyo da wani ɗan kasuwa ya taɓa ba shi. Da wayar ta fassara bijimi, baƙon ya ajiye lomarsa ya tambaya ko mai rai. Aka ce mai rai, da ƙahonsa. Ya ce to Baba ya fi shi nesa ba kusa ba, ya sunkuyar da kai ya gaishe shi.

Bayan an ci an sha shayi, ban san yadda aka yi ba sai na ga an ture teburin tsakar falo. Baba yana nuna masa yadda ake sa ƙafa a harɗe mutum, shi kuma yana nuna wa Baba yadda ake cusa hannu a kama ɗamara ta baya. Mijina yana ta faɗin a yi hankali da gwiwa, ba mai jin sa. Ba wanda ya yi yunƙurin ka da wani. Sun dai riƙe juna, kafaɗa da kafaɗa, kowanne yana jin nauyin ɗan'uwansa, sannan suka saki suna haki suna dariya.

Hayaniyar ta tayar da jaririya. Da na fito da ita, baƙon ya goge hannuwansa a riga ya nemi izini ya ɗauke ta. Ya ce a wurinsu iyaye har layi suke yi don ɗan kokawa ya ɗauki jaririnsu, wai yaron zai tashi da lafiya da ƙarfi. Na dubi Baba. Ya ce lafiya ta Allah ce, amma a ba shi. Ta kwanta a tafin hannunsa kamar 'yar tsana, ta ƙura masa ido, ta kama ɗan yatsansa ɗaya da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba.

Da aka kira magariba ya tashi tafiya, don masaukinsa yana can unguwar Madinat Khalifa kuma mijina zai kai shi. A bakin ƙofa Baba ya ce a dakata. Ya cire hular kansa, sabuwa ce zanna bukar da ya saya don tafiyar, ya ce in gaya masa a ƙasarmu ɗan kokawa in ya zo garinku ba ya komawa hannu banza, ko ya ci ko an ci shi. Ya ɗora masa. Hular ta tsaya a tsakar kansa ba ta shiga ba. Mutumin ya cire ta, ya riƙe da hannu biyu, ya rusuna ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya mayar da ita yadda Baba ya ɗora, ya sauka bene yana dafe da ita kada ta faɗi.

Baba ya yi alwala ya tafi masallacin unguwa da hular mijina. Ni kuma na shiga kicin na tarar ko ƙanzo bai rage a tukunyar tuwo ba, sai na ɗora ruwan taliya saboda mu samu abin da za mu ci da dare.